Noti shida a muƙamuƙi: Inda karan ɗori ba ya kaiwa

Yau zan roƙi arziki ku ɗaga mini ƙafa a kan batun kuɗin makaranta da na yi alkawarin ƙarasawa, domin akwai wata magana da ta tsaya mini a rai tun cikin damina, sai yanzu da hankalin gidanmu ya kwanta na samu sukunin rubuta ta. Magana ce a kan muƙamuƙi, ƙashin nan da ke ɗauke da haƙoranmu na ƙasa, wanda mutum ba ya tuna yana da shi sai ranar da ya karye.

Wani ɗan ƙanwata, saurayi mai shekara 23 da ke karatun aikin koyarwa, abokinsa ya goyo shi a babur da magariba bayan an ɗauke ruwa. Suka faɗa wani rami da ruwa ya rufe, babur ya watsar da su. Abokin ya tashi da ƙujewa a gwiwa, shi kuwa haɓarsa ce ta fara dukan kwalta. Aka kai shi wani kemis na unguwa, aka wanke ciwon, aka yi masa ɗinki a ƙarƙashin haɓa, aka ba shi maganin rage zafi, aka ce kumburin zai sace nan da kwana biyu. Duk gidan muka yi hamdala, tunda ya dawo da ƙafarsa.

Kwana huɗu yana kwance ba ya iya shan komai sai koko, yawu na zuba a kan matashi. Da na je duba shi ya kasa yi mini magana sosai, sai ya jawo wayarsa ya rubuta: "Kawu, haƙorana ba sa haɗuwa yadda suka saba, kuma leɓena na ƙasa kamar ba nawa ba." A lokacin ban ɗauki maganar da nauyi ba. Daga baya na gane cewa a cikin layi ɗaya yaron ya faɗi manyan alamomi biyu da likita ke nema.

Mahaifiyarmu ta yi abin da kowace tsohuwa za ta yi. Ta aika aka kira wani dattijo mai ɗori, wanda ya gaji sana'ar iyaye da kakanni, shi ne ma ya ɗora ni a hannu ina yaro. Ya zo ya zauna, ya shafa fuskar yaron a hankali, ya sa shi ya buɗe baki ya leƙa. Sannan ya juya ya ce, "Hajiya, wannan karaya ce, amma ba tawa ba ce. Hannu da ƙafa nake ɗorawa, inda zan jera kara in ɗaure. A cikin baki ina zan kafa kara? Ku kai shi babban asibiti yau, kada ku kwana." Ko kuɗin mota bai yarda ya karɓa ba. Na daɗe ban ga mai sana'a da ya burge ni irin dattijon nan ba, domin sanin iyakar iliminka shi ma ilimi ne.

Tambayar da ya yi ita ce gundarin maganar. Ƙafa idan ta karye, ana jera mata kara ko a naɗe ta da filasta, mai ita ya kwanta ya hutar da ita. Muƙamuƙi ba ya hutawa. Ko mutum bai ci ba, bai yi magana ba, sai ya haɗiyi yawu, sai ya yi hamma. Ga tsokoki masu ƙarfi manne da shi, wasu suna jan sa sama don rufe baki, wasu suna jan haɓa ƙasa da baya. Da zarar ƙashin ya rabu, kowace tsoka sai ta ja ɓangaren da ke hannunta, karayar ta goce. Bayan haka, yawancin karayar da ta ratsa ta wurin haƙora tana yaga dasashi, wato ƙashin ya zama a buɗe ga yawu da guntayen abinci da ƙwayoyin cutar da ke cikin baki. Shi ya sa jinkiri ke jawo mugunya da ruɓar ƙashi. Akwai kuma jijiyar da ke bi ta cikin ƙashin ta fito kusa da haɓa, ita ce ke ba leɓen ƙasa ji. Idan karaya ta matse ta ko ta ja ta, sai leɓe ya mutu, kamar yadda yaron ya rubuta mini.

A asibitin koyarwa da muka je, sashen tiyatar baki da fuska aka tura mu. Hoton ƙashi ya nuna karaya biyu: ɗaya a gaba kusa da haɓa, ta tsaga a karkace, ɗaya kuma a ɗaya ɓangaren can baya, a kusurwar da ke bayan turmin ƙarshe. Na tambayi likita yadda faɗuwa ɗaya ta haifar da karaya biyu. Ya ce, "Malam, ka taɓa ganin awarwaron gilashi ya fashe a wuri ɗaya?" Muƙamuƙi a lanƙwashe yake kamar baka, ƙarshensa biyu suna maƙale a gaban kunnuwa, shi da ƙoƙon kai sun zama zobe. Idan aka daki gefe ɗaya, ƙarfin dukan kan zagaya ya fasa inda ya fi rauni a ɗaya gefen. Don haka likitan da ya ga karaya ɗaya ba ya tsayawa sai ya nemi ta biyu.

Sai ya shimfiɗa mana hanya biyu. Ta farko ita ce a ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya, baki ya zauna a rufe mako huɗu zuwa shida. Ta biyu ita ce tiyata, a buɗe ta cikin baki, a mayar da ƙashin mazauninsa, a ɗaure shi da ƙananan noti, yaron ya farka yana iya buɗe bakinsa. Da mahaifiyarsa ta ji an ambaci noti, sai ta fashe da kuka, ta ce ita ɗanta ba ƙyauren ɗaki ba ne.

Hanyar farko tsohuwa ce ƙwarai. Wata takardar likitanci ta tsohuwar Masar mai shekara fiye da 3,500 ta ambaci karayar muƙamuƙi, ta kuma sa wadda ta haɗu da buɗaɗɗen rauni da zazzaɓi cikin cututtukan da likita ba ya taɓawa. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajejen shekarar 1013, ya yi bayani a littafinsa At-Tasrif kan gyara karyayyen muƙamuƙi da ɗaure haƙoran da suka girgiɗe da zaren zinariya ko na azurfa. Hikimar magabata ita ce, tunda ba a iya kafa kara a waje, sai a mayar da haƙoran sama su zama karan ɗori. Har gobe wannan dabara tana aiki, kuma akwai karayar da ita ce ta fi dacewa da ita, kamar wasu karayoyin wuyan muƙamuƙi da ke gaban kunne.

Hanyar noti kuwa ba ta daɗe ba. A shekarar 1958 wasu likitocin ƙashi a ƙasar Suwizalan suka kafa ƙungiyar AO, wadda ta tsara yadda za a riƙa ɗaure karaya daga ciki da ƙarfe, domin gaɓa ta ci gaba da motsi yayin da ƙashi ke warkewa. A 1970 likitoci biyu na ƙasar Holan, Brons da Boering, suka wallafa yadda suka ɗaure karayar muƙamuƙi da noti mai matsewa. A 1973 Michelet a Faransa ya fito da amfani da ƙananan sillayen ƙarfe da ake sawa ta cikin baki, sannan Champy da abokan aikinsa a birnin Sitirasbog suka auna yadda ƙarfin tauna ke ratsa ƙashin. Sun gano cewa idan mutum ya ciji abu, gefen sama na muƙamuƙi, wajen haƙora, buɗewa yake son yi, gefen ƙasa kuwa matsewa yake yi da kansa. Ke nan ba sai an sa ƙaton ƙarfe ba. Ɗan siririn sille a daidai layin da ƙashi ke son buɗewa ya wadatar a mafi yawan karaya, sai a gaba wajen haɓa, inda ƙashin ke murɗawa, nan ake buƙatar biyu.

Likitan ya ɗauko samfuri daga aljihun teburinsa ya ɗora mini a tafin hannu. Notin kaurinsa milimita 2 ne, kamar tsinken ashana. Sillen kuma, wanda suke kira faranti, kaurinsa wajen milimita 1, da huji-huji a jere. Ya ce a karayar baya zai shimfiɗa faranti ɗaya ya ɗaure shi da gajerun noti huɗu, biyu a kowane ɓangare, waɗanda ba sa wuce ɓawon ƙashin na waje, don kada su taɓa jijiya ko saiwar haƙori. A karayar gaba kuwa ba ya buƙatar faranti. Dogayen noti biyu kawai zai sa.

Nan ne abin ya fi ba ni sha'awa, domin dabarar kafinta ce tsantsa. Idan kafinta yana son ya matse katako biyu, sai ya faɗaɗa hujin katakon farko yadda noti zai wuce ba tare da ya kama ba, ya bar hujin na biyu a tsuke yadda noti zai cije a ciki. Yana murɗawa, kan notin zai tokare katakon farko, bakinsa kuma ya jawo na biyu, sai su manne ba ko tsinke da zai shiga tsakani. Haka ake yi wa ƙashi. Idan ɓangarorin biyu suka matsu sosai ba motsi, ƙashi yakan haɗe kai tsaye. Ana sa biyu ne domin noti ɗaya zai iya barin ƙashi ya juya a kansa. Amma wannan dabara tana son karayar da ta tsaga a karkace, ko wadda ke gaba wajen haɓa inda ƙashi ke da kauri. Idan ƙashi ya farfashe gutsi-gutsi, ko wani yanki ya ɓace, matsewa ɓarna za ta yi, sai dai a nemi faranti mai kauri da zai ɗauki nauyin shi kaɗai.

Abin da likitan ya fi nanatawa shi ne cizo, wato yadda haƙoran sama da na ƙasa ke zama a kan juna. Kafin a huda ƙashi ko sau ɗaya, sai an haɗa haƙoran yadda suke tun asali an ɗaure su na ɗan lokaci, a kan wannan ma'auni ake murɗa noti, sannan a kwance. Har wannan ɗaurin ma yanzu ana iya yin sa da wasu gajerun noti da ake kafawa a dasashi tsakanin saiwoyin haƙora, a rataya musu waya ko roba. Ya ce, "Noti ba shi da hankali, Malam. Yadda zai riƙe daidai, haka zai riƙe kuskure." Baki yana jin gocewar da ba ta kai milimita ɗaya ba. Wanda ƙashinsa ya haɗe a karkace zai rayu yana tauna da gefe ɗaya, mahaɗar gaban kunne na ciwo, kuma gyaran ba ya yiwuwa sai an sake yanka ƙashin.

Tambayoyin da 'yan gidanmu suka yi su ne na tabbata kowane gida zai yi. Ba zai yi tsatsa ba? Tsawa ba za ta bi shi ba? Yaushe za a cire? Ƙarfen da ake amfani da shi sunansa taitaniyom. Ba ya tsatsa a cikin jiki, maganaɗisu ba ya jan sa, ba ya jawo tsawa, kuma ƙashi yana zama da shi lafiya. A wurin babban mutum galibi barin sa ake yi, sai idan wurin ya yi mugunya, ko noti ya yi sako-sako, ko ya ɓullo ta dasashi, ko yana damun mai shi.

Ba zan yi wa mai karatu ɓoye-ɓoye ba, tiyatar tana da nata haɗari. Yawanci sai an yi wa mutum allurar barci. Noti zai iya taɓa saiwar haƙori ko jijiyar leɓe. Wurin zai iya ruɓewa, musamman ga mai shan taba, ko mai ciwon suga da ba a kula da shi, ko wanda ba ya tsabtace baki. Kuma buɗe baki da wuri ba lasisin cin kilishi ba ne. Wajen mako shida ake yi a kan abinci mai laushi: kunu, fura da nono, faten wake, dafaffen dankali da aka murje. Ba goro, ba rake, ba ƙashin miya. Wanda ya yi gaggawa zai iya kwance notin da haƙoransa.

Mun zaɓi tiyata. Kuɗin faranti da noti da ɗakin tiyata da magunguna ya haura albashina na wata biyu, sai da dangi suka yi karo-karo. Kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. A gadon da ke kusa da na yaronmu akwai wani magidanci ɗan acaɓa da ya zo da irin wannan karaya daga wani ƙauye. Shi waya aka ɗaure masa, domin abin da aljihunsa ya iya ke nan. Na ga matarsa tana tace kunu sau biyu, tana ba shi ta tsinken shan lemo da ake cusawa ta gefen kunci. An ba ta ɗan almakashin yanke waya, aka gargaɗe ta kada ya rabu da jikinsa dare da rana, domin idan amai ya zo wa mai rufaffen baki, yana iya shaƙe shi. Na sake haɗuwa da shi ranar dawowa ganin likita, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Karayarsa tana haɗewa, amma mako shida bai nemi ko sisi ba, ga 'ya'ya a gida. Wanda ya fi kowa buƙatar komawa bakin aiki da wuri, shi ne wanda ba shi da halin sayen hanyar da za ta mayar da shi da wuri. Wannan shi ne abin da ya hana ni barci, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A ƙasashen Turai da Amurka faɗa da naushi suna cikin manyan dalilan karayar muƙamuƙi. A nan ƙasar haɗarin hanya ne a kan gaba, babur kuma yana da kaso mai tsoka, sannan samari masu neman na kansu ne suka fi faɗawa ciki. Ƙwararrun wannan fanni kuwa sun taru ne a manyan asibitocin koyarwa irin na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Mutumin da ya faɗi a ƙauye sai ya ratsa kemis da ƙaramin asibiti da shawarar maƙwabta kafin ya isa gare su, wani lokaci bayan ƙashin ya fara haɗewa a karkace. Yara sun fi ban tausayi. Yaro zai faɗo daga bishiyar mangwaro a kan haɓarsa, a ɗinke fata a manta, alhali wuyan muƙamuƙin ya karye a gaban kunne. Bayan shekaru mahaɗar ta daskare, baki ya ƙi buɗuwa, haɓa ta ƙi girma.

Saboda haka ina da kira ga ɓangarori huɗu. Ga hukumomi: dokar inshorar lafiya ta ƙasa da aka sa wa hannu a 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu don marasa ƙarfi. Ya kamata faranti da noti na ɗaure karayar fuska su zama cikin abin da talaka zai samu ta wannan hanya a aikace, jihohi kuma su riƙa sayen kayan a dunƙule don farashi ya sauko. Ga masu kemis da ma'aikatan ƙananan asibitoci: duk wanda ya zo da tsaga a haɓa, a tambaye shi ko haƙoransa suna haɗuwa kafin a ɗauki allurar ɗinki. Ga masu ɗori: ku yi koyi da dattijon da na ba da labarinsa. Ga mahaya babur kuma: muna tune da Janairun 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, wasu suka kifa ƙwarya a ka, muka yi ta dariya. Dariyar nan ta ci haƙoran mutane da yawa. A kuma sani, hular da ta rufe ƙoƙon kai kaɗai ba ta kare haɓa, sai mai shingen gaba.

Ga mu sauran jama'a, alamomin ba su da wuyar riƙewa. Haƙora sun daina haɗuwa, ko an ga tudu da kwari a jerinsu. Leɓen ƙasa ya mutu. Jini ya taru a ƙarƙashin harshe. Baki ya ƙi buɗuwa ko ya ƙi rufuwa. Ana jin ciwo a gaban kunne bayan an bugu a haɓa. Idan an ga ɗaya daga ciki, a nemi hoton ƙashi a ranar. A wurin haɗari kuwa, numfashi ne farko. Idan haɓa ta karye ta gefe biyu, harshe yana iya zamewa baya ya toshe maƙogwaro, don haka kada a bar mutum rigingine jini na taruwa a bakinsa. A juya shi a gefe cikin kulawa, ana tallafe da kansa da wuyansa, kada a ɗura masa ruwa. Haƙorin babba da ya fita ɗungurungum, a riƙe shi ta kansa ba ta saiwa ba, a jefa shi cikin madara, a garzaya da shi wurin likitan haƙori, domin cikin awa ta farko ana iya mayar da shi.

Ɗan ƙanwata ya koma aji yana koyar da yara mako uku bayan tiyata. Gefen leɓensa har yanzu bai gama dawowa ba, likita ya ce jijiya a hankali take farfaɗowa, wata da watanni. Ranar da aka sallame shi daga dokar abinci mai laushi, ni da kaina na saya masa tsire, na zauna ina kallonsa yana tauna, mahaifiyarsa na share hawaye da gefen mayafi. Abokansa kuwa sun samu abin tsokana, sun ce a duk cikinsu shi kaɗai ne ke da shaidar likita cewa notinsa a ɗaure yake.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kiyaye mu a kan hanyoyinmu. Sai mako mai zuwa, idan mai kowa ya kai mu, za mu koma kan batun kuɗin makaranta.